Ajin Tarihi Da Ke Ƙofar Gidanku

A Adabka, kamar sauran garuruwan Bukkuyum, Anka da Gummi, idan an idar da sallar La'asar za ka ga dattawa sun shimfiɗa tabarma a gindin bishiya ko bakin zaure. Mu matasa mukan gaishe su mu wuce, muna ɗaukar zaman a matsayin hirar tsofaffi kawai. Sai da muka shiga jami'a muka tarar manyan littattafan tarihin Zamfara daga irin wannan majalisa aka samo su.

Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zo Anka ya tattara labaran sarakunan Zamfara daga bakin masana na gari, ya buga littafinsa a 1959. Haka ma marigayi Dokta Garba Nadama, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tarihin Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a 1977.

Me ake ji a majalisar? Ana jin cewa daular Zamfara ta faro ne daga Dutsi, inda ake ba da labarin sarauniya 'Yargoje. Ana jin yadda Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Zamfaran Anka, a Gummi kuma Sarkin Mafara. Ana kuma jin cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804.

Amma tarihi bai tsaya kan sarakuna ba. Wa ya haƙa tsohuwar rijiyar unguwarku? Yaushe kasuwar garinku ta fara ci? Me aka ci lokacin farin 1973? Ko gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma, ta zama tarihi. Iyayen da suka gani da idonsu suna nan da rai, kuma labarinsu zai iya hana wani ya sake daka dutsen zinariya a tsakar gida.

Abin da ke damunmu shi ne lokaci. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki. Dattijon da ya san iyakar kowace gona da asalin kowane gida yanzu yana gudun hijira a Anka, Gummi ko Gusau, abokan zamansa sun warwatsu. Ranar da ya rasu, babu wanda za a tambaya. Idan zaman lafiya ya dawo aka koma gida, wa zai ce ga inda gonar wane ta tsaya?

To, ƙannenmu, ga aikin hutu. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku nemi izinin iyayenku, ku je ku durƙusa ku gaida dattijo: "Baba, mun zo ne a ba mu labarin garin nan." 'Yan mata ku shiga cikin gida wajen Kaka da Inna, don labarin aure, saƙa, kaɗi da haihuwa a hannunsu yake. Kada ku fita garinku saboda wannan. Ku fara da wanda ke kusa.

Ku riƙe littafi da biro. In za ku ɗauki murya da waya, ku faɗa tukuna. Yawancin tsofaffi ba sa ƙirga shekara da lamba, don haka ku tambaye su: kafin a canza kuɗi zuwa naira ne ko bayan nan? Wannan 1973 ke nan. Kafin makarantar UPE? 1976. Kafin a ba mu jiha? 1 ga Oktoba, 1996. Da haka za ku gano shekarar.

Sannan kada ku tsaya kan mutum ɗaya. Za ku iya jin dattawa biyu sun saɓa a kan wanda ya kafa gari. Kada ku ƙaryata kowa. Ku rubuta duka biyun tare da sunan mai faɗa da ranar, ku kai wa malaminku na tarihi ya taya ku aunawa. Haka masu bincike suke yi.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Wanda ya cika shafi biyu daga bakin kakansa, ya aiko wa wannan fili, mu karanta tare.