Ɗakin Gwajin Ɓuntu da Ɓawon Gyaɗa

A bayan ajujuwan sashen injiniya na wata jami'a a ƙasar Hausa akwai wani ɗaki mai faɗi, wanda duk mai shigarsa, tun kafin idonsa ya sauka kan na'ura, sai ya ci karo da buhunan ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, waɗanda ɗalibai suke jidowa daga bakin injinan casa, inda aka saba tara su tsibi-tsibi a cinna musu wuta, hayaƙi ya wuni yana addabar maƙwabta. Sababin wannan jido kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin ɓuntu ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, kuma idan aka ƙone shi a tanderu, fiye da kashi 80 na tokarsa silika ce, wato ma'adinin da ya ba yashi taurinsa.

Aikin safe na wanki ne da jiƙawa cikin ruwan soda, da shanya, da niƙa, da tankaɗe a rariya, sa'annan a kwaɓa garin da ruwan roba mai suna efoksi, a zuba a mazubi har ya daskare.

Amma jarrabawar haƙiƙa sai da la'asar, lokacin da dattijon da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Baba, yake yanko ɗan guntu, ya auna shi, ya danna shi da nauyi sananne bisa faifan ƙarfe mai juyawa, bayan muddar da aka ƙayyade ya ciro shi ya sake aunawa, abin da ya ragu shi ne abin da guga ta ci. Ƙa'idar da Archard, masanin Ingila, ya bayyana a 1953 ita ce madogara: ci yana ƙaruwa da ƙaruwar nauyi da nisan guga, yana raguwa da ƙaruwar tauri. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, gwajin ya ɓaci, sai sabon guntu, kuma haƙurin yaran nan a kan haka ya cancanci yabo.

Sabon ɗalibi yakan zaci yawan gari shi ne yawan ƙarfi, har ya ce, "Baba, mu ƙara mana," alhali abin yana da haddi. Idan aka ƙetare shi, robar ba ta isa ta lulluɓe kowace ƙwaya, garin ya dunƙule, ƙwayoyin su fita su shiga tsakanin guntun da faifan suna kartar sa, illar ta fi ta da. Gari mai laushi kuwa galibi ya fi mai tsaki-tsaki juriya.

Babban maƙasudin ɗaliban shi ne takalmin birki wanda babu asbestos a cikinsa, saboda ƙurar asbestos tana jawo cutar huhu mai kisa. Mas'alar da ta rage musu ita ce laima, domin ɓawon tsiro yana shan ruwa ya kumbura, shi ya sa ake jiƙa wasu guntaye kwanaki kafin a ɗora su bisa faifan.