Takarar kujerar kansila: abin da mai son gyara unguwarsa ya kamata ya sani

Duk damina maganar ɗaya ce a unguwannin bayan gari, daga Kara-Kara ta Damagaram zuwa Pays-Bas ta Yamai: ruwa ya ci hanya, babu magudana, shara ta toshe kwalbati. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta yi wa jihar Maraɗi mummunar ɓarna, ta kuma rusa tsohon masallacin Birni na Damagaram, matasa da yawa sun fara cewa in zaɓe ya dawo su ma za su tsaya. Niyya ce mai kyau. Sai dai kafin mutum ya buga hotonsa, ya dace ya san irin kujerar da yake nema da iyakar ƙarfinta.

A yanzu dai kujerar ba ta nan. A ranar 4 ga Afrilun 2024 hukumomin CNSP suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka kuma tsaida wa'adin shekara 5 na sake gina ƙasa. Don haka abin da za mu bayyana shi ne tsarin da aka yi aiki da shi a zaɓukan 2004 da 2011 da na 13 ga Disamban 2020, wanda shi ne jama'a suka sani.

Abu na farko da ke ruɗa mutane: a tsarin Nijar babu “kansilan unguwa”. Ba a yanka gari unguwa-unguwa a ce kowace ta fitar da mutum ɗaya. Jam'iyya, ko gungun ƴan takara masu zaman kansu, suna gabatar da jerin sunaye ne na ƙaramar hukumar baki ɗaya, ko na da'ira in a babban birni ne. Mai zaɓe jerin yake zaɓa, sannan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Ma'anar wannan ita ce unguwa mai dubban jama'a tana iya wayar gari ba ta da ko mutum ɗaya a majalisa, alhali wata unguwar tsakiyar gari tana da uku. Ba maguɗi aka yi ba. Wajen rubuta sunayen ne aka manta da ita, ko kuma aka sa ɗanta don cike gurbi.

Shi ya sa kokawar gaskiya tana faruwa tun kafin ranar zaɓe, a ɗakin da ake tsara jerin. Wanda ya isa wurin da jama'ar da suka yi rajista, suna riƙe da katinsu, ana sauraronsa. Wanda ya je da surutu kawai, godiya za a yi masa. A nan ne unguwannin talakawa ke faɗuwa, domin a cikinsu ake samun mutane masu yawa da ba su da takardar haihuwa. Ga mata kuwa akwai ƙofar da doka ta buɗe: tun 2019 kason da aka wajabta wa kowane jinsi a muƙaman zaɓe ya kai kashi 25 cikin 100. Jam'iyyu kan nemi mata ido rufe a ƙarshen lokaci, kuma macen da ta riga ta yi suna a asusun mata ko kwamitin makaranta tana da damar yin ciniki da kyau.

To in an samu kujerar fa? Kansila ba shi da ofis, ba shi da albashi, sai ɗan kuɗin zama. Ƙarfinsa ƙuri'arsa ce. Kansiloli ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi na shekara da tsarin raya ƙaramar hukuma da ake kira PDC. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama tare da su, amma shawara kawai suke bayarwa, ba sa kaɗa ƙuri'a. Aikin da bai shiga PDC ba, bai kuma samu layi a kasafi ba, ko an yi alkawarinsa sau goma a gaban masallaci, ba za a yi shi ba.

Mutanen Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram suna da ƙarin abin lura. Tun gyaran dokar 2010, waɗannan birane huɗu an raba su da'ira-da'ira: Yamai 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2. Da'ira tana da magajin garinta, amma ba ta cin gashin kanta. Babban kasafi a majalisar birni ake yanke shi. Mai son magudanar ruwa a unguwarsa, idonsa ya kasance a can.

Sai maganar kuɗi, wadda ƴan takara ba sa son taɓawa. Ma'aikatar magajin gari tana rayuwa ne da harajin kasuwa da na tasha, da kuɗin da magidanta ke biya, da abin da gwamnati ke turowa, wani ta hanyar hukumar ANFICT. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma magadan gari sun daɗe suna kukan cewa aikin ya zo, kuɗin bai biyo shi ba. Wuta ta NIGELEC ce, ruwan famfo na birni kuma yana hannun SPEN da kamfanin NDE da ya gaji SEEN. Ɗan takarar da ya ce zai kawo wuta da ruwa da kansa, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana yaudara. Abin da kansila zai iya shi ne ya matsa a yi wa unguwa loti, a fitar da tituna da filin makaranta da na likita, domin da wuya a ja bututu ko a kafa turakun wuta a inda babu titi a takarda. Wannan aiki ne mai zafi, tunda fitar da titi yakan ci katangar wani, wani lokaci ma ta wanda ya zaɓe ka.

Kada kuma a haɗa kansila da mai unguwa. Mai unguwa yana cikin sarautar gargajiya: magidanta ne ke zaɓensa, ba shi da wa'adin shekara 5 irin na kansila, yana sasanta rigima, yana taimakawa wajen karɓar haraji. Rusa majalisu bai taɓa shi ba, kuma yau ta bakinsa koken unguwa ya fi saurin isa wurin kantoma.

Akwai kuma ƙananan kujerun da ba su jira zaɓen ƙasa ba: kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, kwamitin gidan likita na CSI, ƙungiyar tsabtar unguwa. Mutane kan raina su saboda babu mota, babu tuta. Amma a nan ake koyon rubuta takardar koke mai kwanan wata da sa hannun magidanta, da karanta lissafi a bainar jama'a, da komawa ma'aikatar magajin gari karo na biyar a kan takarda ɗaya. Mai shirin takara zai iya farawa da ƙirga gidajen da ruwa ya shiga bara, da yaran da ba su da takardar haihuwa, ya kai wa mai unguwa kofi ɗaya, ya ajiye ɗaya, tun kafin hadarin farko ya haɗu.