Haifaffen Zariya A Fagen Hokin Ƙanƙara

Idan aka ce wani haifaffen Zariya ya yi suna a ƙwallon ƙafa, ko dambe, ko guje-guje, ba wanda zai yi mamaki. Amma a ce ya ci abinci da wasan da ake yi bisa daskararren ruwa, alhali kuwa Zazzagawa ba su san ƙanƙara ba sai wadda kan faɗo tare da ruwan farkon damina, to, wannan labari ne mai bukatar bayani. Mutumin kuwa shi ne Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya ran 7 ga watan Yuli, 1975, lokacin ana kiran jihar Arewa ta Tsakiya. Shi ne haifaffen Nijeriya na farko da ya buga wasa a NHL, watau babbar gasar hokin ƙanƙara ta ƙasashen Kanada da Amurka.

Shi dai wannan wasa ɗan'uwan hokin nan ne da ɗalibai ke bugawa a filayen makarantunmu, sai dai filinsa ƙanƙara ce shimfiɗaɗɗiya, tsawonta ƙafa 200, faɗinta ƙafa 85. Kowane ɗan wasa yana sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa wanda yake sulɓi da shi. Maimakon ƙwallo, wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri ake kora da sanda. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron gida, ana kuma yin zubi uku, kowanne minti 20. An yarda a bangaje abokin hamayya da kafaɗa. Wanda ya yi laifi akan fitar da shi na minti biyu, wanda ya yi faɗa kuwa minti biyar.

Tun Rumun yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Kanada, ya tashi a wani ƙaramin gari mai suna Hearst, can arewacin lardin Ontariyo. Garin masu yankan katako ne, yawancin mutanensa Faransanci suke yi, sanyin hunturunsa kuwa ya wuce duk abin da aka sani a Jos ko Mambila. A irin waɗannan garuruwa yaro kan koyi sulɓi bisa ƙanƙara kusan tare da koyon tafiya, kamar yadda ɗan Argungu ke koyon iyo. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Abin da yaron ya yi ke nan.

Cikin 1992, yana da shekara 17, ya shiga ƙungiyar Guelph Storm da ke gasar matasa ta Ontariyo. Daga wannan gasa manyan ƙungiyoyi ke tsamo 'yan wasa da yawa, saboda haka masu farautar gwanaye ba su rabuwa da filayenta. Rumun mai tsaron baya ne, ƙaƙƙarfa, aikinsa tare masu kawo hari da kuma tsaya wa abokan wasansa in an nemi a ci zalinsu. Shekara uku ya yi a can, a ta ƙarshe ma, watau 1995, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe kafin ƙungiyar matasan Detroit ta doke ta.

A kowace shekara ƙungiyoyin NHL kan zauna su zaɓi matasa bi da bi, waɗanda suka fi rauni a kakar da ta wuce su ne kan fara. A zaman 1994, wanda aka yi a birnin Hartford, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauki Rumun a zagaye na uku, shi ne na 69 a jerin duka. Sai dai fa kada mai karatu ya ɗauka an gama. Zaɓe ba ɗaukar aiki ba ne; iyaka dai ƙungiya ta riga sauran sa hannu a kan yaro. Da yawa daga cikin waɗanda ake kiran sunansu ran zaɓe ba su taɓa taka filin babbar gasa ko sau ɗaya.

Sai aka tura shi Rochester Americans, ƙungiyar da Buffalo ke renon 'yan wasanta a ƙaramar gasa. A shekararsa ta farko, ƙarƙashin mai horarwa John Tortorella, suka ci kofin Calder na 1996 bayan sun kara sau bakwai da Portland Pirates. Duk da haka ƙofar sama ba ta buɗe sosai ba. A kakar 1996 zuwa 1997 wasa biyu kacal ya buga wa Buffalo, a ta biye ɗaya tak, a ta uku takwas. Tsakanin Buffalo da Rochester tafiyar kamar mil 70 ce, amma saurayin ya shafe fiye da shekara uku yana kai da kawo a kanta, yau a kira shi, gobe a mai da shi.

Mahakurci mawadaci. A watan Disamba na 1998 ƙungiyar New York Rangers ta ɗauke shi, ya buga mata wasa 31, a nan kuma ya ci ƙwallonsa ta farko a NHL. Wannan ita ce kakar ƙarshe ta Wayne Gretzky, wanda ake ɗauka gwanin gwanayen wasan, ga shi kuwa haifaffen Zariya na sa riga iri ɗaya da shi. Daga nan ya koma Atlanta Thrashers, sabuwar ƙungiya a lokacin, ya yi wasa 27. Jimla dai wasa 69 ya buga a NHL, ya ci ƙwallo biyu, ya taimaka aka ci uku, ya yi zaman horo na minti 137. Waɗannan alƙaluma sun nuna irin aikin da aka ɗora masa: na jiki ne, mai wuya, wanda ba a cika tafa wa mai yinsa ba. Bayan haka ya ci gaba da wasa a ƙananan gasanni da kuma Turai, har da Ingila.

Ba shi ne baƙar fata na farko a gasar ba. Willie O'Ree ya riga shi tun 1958. Ba kuma shi ne haifaffen Nijeriya na ƙarshe ba. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene cikin 1989, ya buga wa Calgary Flames wasa bakwai daga 2012. Shi ne kuma cikin 2019 ya fallasa zagin wariyar launin fata da wani mai horarwa ya yi masa shekaru goma baya, har ta kai mai horarwar ya ajiye aikinsa.

Abin lura a nan shi ne, ba ƙasar haihuwa ke yin ɗan wasa ba. Fili ne, da kayan wasa, da mai koyarwa, da gasa mai hawa-hawa wadda yaro zai bi daga unguwarsu har zuwa ƙoli. Garin Hearst bai kai rabin wata unguwar Zariya yawan jama'a ba, amma ya tanadar wa yaransa waɗannan. Ba wanda ke cewa a shimfiɗa ƙanƙara a Tudun Wada ko Sabon Gari. Amma hukumomin wasanni da na ilmi ya kamata su duba filayen makarantu da ciyawa ta cinye, su tuna cewa yaro kamar icce ne, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.