Hanyoyin Ƙera Mota Mai Aiki da Hasken Rana a Matsayin Aikin Ɗalibai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyi uku da ɗaliban jami'a kan bi idan suka ƙuduri aniyar ƙera mota mai aiki da hasken rana. Za mu ga cewa lissafin wutar da rana ke bayarwa shi ne ya kamata ya zaɓa musu hanya, domin wanda ya tsallake shi yakan ƙare zangon karatunsa da gangar mota wadda ba ta motsi.

2.0 Lissafin Wuta

Da tsakar rana, in gari garau yake, kowane murabba'in mita yana samun kimanin wat 1,000 na haske. Farantin sola mai nagarta yana mayar da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai na wannan haske ya zama lantarki. Ke nan motar da aka shimfiɗa wa faranti murabba'in mita 4 ba za ta sami abin da ya wuce wat 1,000 ba, watau abin da dutsen guga ɗaya ke sha, alhali kuwa injin ƙaramar motar fetur yana ba da wat 30,000 ko fiye. Har wa yau, idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ake bukata don keta iska yana ninkuwa sau takwas. Saboda haka nauyi da iska su ne abokan gāban maƙerin.

3.0 Sauya Tsohuwar Mota

Hanya ta farko ita ce a sami tsohuwar mota a cire inji da tankin mai da salansa, a maye gurbinsu da injin lantarki da batura. Amfaninta shi ne birki da sitiyari da ƙafafu duk suna nan a shirye, kuɗin kuma da dama-dama. A 2014 labari ya bazu na wani ɗalibin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife da ya yi wa wata Volkswagen Beetle irin wannan aiki. Illar hanyar ita ce nauyi, don Beetle kanta ta kai kimanin kilo 800. Farantin da ke rufinta ba zai iya tura ta da kansa ba, sai dai ya riƙa ɗura wa batir wuta sannu a hankali.

4.0 Ƙira Daga Tushe

Hanya ta biyu ita ce wadda masu shiga gasar World Solar Challenge ke bi. An fara gasar a 1987 a Ostareliya, daga Darwin zuwa Adelaide, tafiyar kimanin kilomita 3,000. Motar Sunraycer ta kamfanin General Motors ce ta ci ta farko da matsakaicin gudun kilomita 67 a awa. Daga baya ɗaliban Jami'ar Delft ta Holan suka ci sau huɗu a jere, daga 2001 zuwa 2007, kuma a 2005 motarsu Nuna 3 ta haura kilomita 100 a awa. Asirinta shi ne jiki shafal mai santsi wanda bai kai kilo 200 ba, da mazaunin mutum ɗaya, da faranti irin na tauraron ɗan'adam. Sai dai wannan aiki ne na ƙungiya mai yawa da kuɗi masu kauri.

5.0 Raba Faranti da Mota

Hanya ta uku ita ce a ƙera ƙaramin abin hawa, kamar keke mai ƙafa uku, a kafa farantan kuma a kan rumfa inda za a riƙa cajin batir. A nan fāɗin rufin mota bai taƙaita yawan faranti ba, kuma ana iya fuskantar da su ga rana yadda ya dace. Batirin litiyam yana riƙe wuta ninki huɗu ko fiye na batirin darma mai nauyi ɗaya da shi, amma tilas a haɗa masa na'urar lura da caji da zafi, in ba haka ba yana iya kamawa da wuta.

6.0 Kammalawa

Hausawa kan ce daidai ruwa daidai tsaki. Ɗalibai biyu ko uku masu shekara ɗaya a hannu, hanya ta uku ta fi musu. Sashen da ke da gareji da tsohuwar mota ya ɗauki ta farko. Ta biyu kuwa sai jami'ar da ta shirya riƙe aikin shekaru da yawa. Kowace aka zaɓa, a fara auna nauyi da nisan tafiya da wutar da za a samu a takarda kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya.