Makanike ya ce sabis dubu casa'in: ta yaya uwargida za ta gane ko kuɗin ya yi daidai?

Ranar wata Talata na tashi daga aikin dare, ido duk barci, na biya gareji da tsohuwar Corollarmu ƙirar 2005. Kwana biyu tana karkarwa idan na tsaya a danja, ga shan mai kamar an huda tanki. Makaniken ya buɗe bonet, bai yi minti biyu yana sauraron injin ba ya ce, "Sista, ai cikakken sabis take so. Ki kawo dubu casa'in." Na ce, "Malam, me da me ke cikin dubu casa'in ɗin?" Ya ce, "Komai da komai."

Maigida a wani gari yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. Motar nan ita ke kai yara makaranta, ita ke kai ni asibiti da daddare, kuma a makon ake jiran cikon kuɗin makaranta. In na ƙi gyara, ina tsoron ta mace mini a hanya cikin dare. In na biya, ban san me na saya ba. Na san ba ni kaɗai ce mai tsayawa a gareji da irin wannan zullumi ba.

A wurin aikinmu, idan uwa ta kawo yaro da zazzaɓi, ba a rubuta masa duk magungunan da ke kanta a ce ɗaya zai dace. Sai an duba, sai an yi gwaji. Haka mota take. Karkarwa alama ce kawai: tana iya zama filogi ne ya gaji, ko koyil ɗaya ya mutu, ko totur ya yi datti, ko ma robar da injin ke zaune a kai ce ta fashe. Saboda haka tambaya biyu ce a gabanki, kuma yawancinmu ta biyun kawai muke yi. Ta farko: aikin da aka lissafa, motar tana buƙatarsa? Ta biyu: kuɗin da aka sa wa aikin ya yi daidai?

Kalmar sabis ɗin ma ta sauya ma'ana. A zamanin Fijo 504 ta iyayenmu mai kabireta, makanike yakan zauna da sukudireba ya daidaita mai da iska da hannu, ya saita wuta, kuma wannan gwaninta ce da ake biya. Motocin da muke kira tsofaffi yanzu, irin su Corolla, Camry da Honda Accord na shekarun 2000, kwamfuta ce ke yin wannan aikin. Sabis a yau galibi canjin abubuwan da ke ƙarewa ne: baƙin mai da filtarsa, filtar iska, filogi idan lokacinsu ya yi, wani lokaci da wanke totur. Kowanne yana da suna, yana da farashi a kasuwa. Don haka abu na farko shi ne ki nemi a rubuta miki a takarda, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ɗaure fuska kuwa, ya riga ya ba ki rabin amsa.

Baƙin mai ya fi komai sauƙin lissafi. Corolla irin tawa wajen lita huɗu take sha, wato kusan galan ɗaya. Mai silinda shida ta fi haka sha. A yanayinmu na ƙura da zafi da cunkoso, canji a kowace kilomita 5,000 ko wata shida shi ne abin da ya fi kwanciyar hankali ga tsohon inji. Ki tabbatar a gabanki aka fasa murfin galan ɗin, domin jabun mai ya yi yawa, kuma ki sa a rubuta lambar kilomitar ranar. Filtar iska kuwa da idonki za ki yanke hukunci: a ciro ta a ɗaga ta ga rana. Bayan hunturu sau da yawa za ki same ta ta toshe da ƙura, kuma ba ta da tsada.

A kan filogi ne kuɗi ya fi zurarewa. Akwai na gama-gari, wanda ke yin kamar kilomita 30,000, akwai kuma mai bakin iridiyam, wanda ya ninka shi tsada amma yakan kai kilomita 100,000 ko fiye. Idan bara aka sa miki na iridiyam na asali, babu dalilin canza shi bana don kawai an zo sabis. Idan kuma kuɗin iridiyam aka caje ki, ki ga kwalinsa kafin a ɗaura, ko da yake su ma manyan sunaye irin Denso da NGK ana yin jabunsu. Ki ƙirga kuma: inji mai silinda huɗu filogi huɗu ne, mai shida guda shida. A nan dole in yi wa makanikai adalci. A wasu motoci masu silinda shida, kamar tsohuwar Sienna, filogi ukun baya a ɓoye suke, sai an kwance kayan saman injin kafin a kai gare su. Idan aka nemi kuɗin aiki mai kauri a kan wannan, ba cuta ba ce, aikin ne ya yi yawa.

Sai ki san ko injinki bel ne ke juya shi daga ciki ko sarƙa. Fijo 406, Golf 3 da Accord mai silinda shida bel ne, kuma yana da wa'adi. A injuna da yawa, idan ya tsinke ana cikin tafiya yakan lanƙwasa bawul, gyaran ya koma na buɗe inji. Wannan ba wurin ƙwauro ba ne. Amma Corolla 2005 da Accord mai silinda huɗu daga 2003 sarƙa gare su, ba a canza ta a sabis na yau da kullum. Idan kika ga bel a takardarki, ki tambaya ko fanbel na waje ake nufi, wanda shi daban ne kuma da ido ake ganin tsagewarsa.

Gwajin mota, wato abin da ya yi kama da gwajin jini a wurinmu, shi ne na'urar da ake jonawa a wani soket da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, kuma da yawa daga cikin motocin da muke kira Beljiyam daga can suka fito. Idan fitilar injin ta kama a dashbod, a fara da wannan kafin a sayi komai. Sai dai na'urar lamba take bayarwa, ba ta cewa ga abin da za a saya. Lambar P0303, alal misali, tana nufin silinda ta uku tana ɓata wuta. Ko filogi ne, ko koyil, ko nozul, wannan aikin makanike ne ya gano. Hanya mai sauƙi ita ce ya musanya koyil ɗin da na wata silinda. In matsalar ta bi koyil ɗin ta koma can, an kama mai laifi, guda ɗaya za a saya ba huɗu ba.

Game da farashin kaya, kada ki dogara da abin da ƙawarki ta biya bara. Tun da aka cire tallafin mai kuma darajar naira ta faɗi a 2023, kayan mota ba sa zama a farashi ɗaya. Ki ɗauki hoton takardar da wayarki ki tura wa masu sayar da kaya biyu ta WhatsApp, ko ki sa ɗan uwa ya tambayo a Ƙofar Ruwa idan kina Kano, ko Fanteka idan kina Kaduna. Ki tabbatar iri ɗaya ake kwatantawa, domin sabo na asali, sabo mai araha da na Beljiyam farashi uku ne daban. Idan makanike ya ɗora ɗan wani abu a kai, ni ban ga laifi ba: kuɗin mota ya biya zuwa kasuwa, ga yaran gareji da yake ciyarwa. Ninki biyu ne ba zan yarda da shi ba. Ki sani kuma, in ke kika sayo kayan da kanki suka ba da matsala, ba zai ɗauki alhaki ba. Kowane ne ya sayo, ki ce a ajiye miki tsofaffin da aka cire.

Man giya kuwa, musamman a mota mai giyar otomatik, kada ki bari ya shiga cikin "komai da komai". Kowace mota da irin nata, kuma zuba wanda bai dace ba yana iya kashe giyar.

A ranar dai na dage har ya rubuta: baƙin mai, filta biyu, filogi huɗu, koyil huɗu na Beljiyam, wankin nozul da kuɗin aiki. Da na tambayo farashi, sai na ga mutumin bai yi wani ƙari na fitar hankali ba. Kayan da ya lissafa sun kusa kai kuɗin da ya faɗa. Matsalar ita ce bai gwada komai ba, so yake ya canza duka ko Allah zai sa a dace. Washegari na kai ta wani gareji mai na'ura, aka musanya koyil a gabana, ɗaya ne ya mutu. Filogina na bara lafiyarsu ƙalau. Da kuɗin gwaji da mai da filta da koyil ɗaya da aiki, dubu hamsin da 'yan kai na biya, ragowar ta tafi makaranta.

Makanike na biyun ya kuma ciro tayar gaba ya nuna mini takalmin birki, saura ƙiris ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Babu shi ko kaɗan a cikin dubu casa'in ɗin farko. Wannan ban yi ciniki mai tsawo a kansa ba, na kira Baban yara ya turo, aka canza kafin in koma aikin dare ranar Juma'a.