Kitsen Jini da Abincin Buɗa-Baki

 Ya ku ƴan uwa Musulmi na Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela da ƙauyukan da ke kewaye, darasinmu na yau ya shafi amanar da kowannenmu yake ɗauke da ita dare da rana, wato jikinsa. Za mu yi bayani a kan abin da likitoci ke kira kolestarol, mu kuwa muke cewa kitsen jini.

Da yawa daga cikinmu in sun ji sunansa sai su ɗauka cuta ce. A'a, asalinsa ni'ima ce. Wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma, wanda Allah Ya sanya hanta take sarrafa shi, kuma mafi yawan wanda ke cikin jiki hantar ce ta yi shi, kaɗan ne yake shigowa ta abinci. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki. Da shi hanta take yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙon da muka ci. Daga gare shi ake samun sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa ga maza da mata. Kuma in rana ta taɓa fata, daga danginsa jiki yake yin bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Wanda ba shi da shi ko kaɗan ba zai rayu ba. Matsalar tana wajen wuce gwargwado.

Mun san mai ba ya gauraya da ruwa, don haka kitsen nan ba ya tafiya cikin jini shi kaɗai, sai da masu dakonsa. Manyansu biyu ne. Na farko, LDL, shi ke ɗaukarsa daga hanta ya rarraba wa gaɓoɓi. Na biyu, HDL, shi ke kwaso ragowar ya mayar wa hanta. In na farkon ya yi yawa, sai kitsen ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, yana taruwa shekara da shekaru. Manoman rani na Ƙonni sun san yadda laka ke cika hanyar ruwa sannu a hankali har ruwan ya kasa kaiwa gonar ƙarshe. Haka jijiya take ƙuntata. Ranar da tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe: in ta zuciya ce, ciwon zuciya ya auku, in ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye.

A nan muke son a natsu. Sau nawa magidanci ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka mutu, aka ce iska ce ko jifa, aka zargi maƙwabci ko kishiya, aka ɓata kwanaki kafin a kai shi likita? Hawan jini ne babban sanadin wannan, kuma kitsen jini da ciwon sukari da shan taba suna taya shi. Addu'a wajibi ce a kanmu, amma zato ga Musulmi ba da hujja ba zunubi ne, jinkirin neman magani kuma sakaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Ba ciwon masu kuɗi ba ne kawai, ba kuma na masu ƙiba kaɗai ba. Siriri ma yana iya gadonsa daga iyaye.

To, ina abinci ya shigo? Kolestarol kansa a abin da ya fito daga dabba kawai ake samunsa: ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda, gwaiduwar ƙwai. Sai dai abin da ya fi ɗaga shi a jini shi ne maiƙo mai daskarewa, irin kitsen rago da na sa, da man shanu, da fatar kaza, da manja in an yawaita. Man gyaɗa ya fi sauƙi, muddin ba a maimaita suya da shi har ya yi baƙi ba. Yanzu mu dubi faifan buɗa-bakinmu. Mutum ya wuni da yunwa, da an kira magariba sai ƙosai da fanke da soyayyen dankali, bayan tarawihi ga balangu, har yana roƙon mai nama ya ƙara masa kitse, da asuba kuma ga shinkafa tana ninƙaya cikin mai. Kwana talatin a haka, watan da ya kamata jiki ya huta ya zama watan da aka fi ɗora masa kaya. Allah Ya halatta mana ci da sha, kuma a aya ta 31 ta Suratul A'araf Ya hana mu almubazzaranci a cikinsu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da mu a hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa a raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Maganin kuwa yana gonakinmu. Wake da kuɓewa suna da wani irin zare mai yauƙi da yake riƙe ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, sai hanta ta ɗebi kitsen da ke cikin jini don ta yi sabo, ta haka yake raguwa. Gero da dawa da ba a surfe su fiye da kima ba, da zogale, da miyar kuka, da kabeji da tumatir, da albasar Galmi da ake lodinta zuwa ƙasashen waje, duk abokan zuciya ne. A buɗe baki da dabino da ruwa, a sha kunu ko fura ba tare da tulin sukari ba, a dafa wake maimakon a soya shi kullum, a yanke kitse daga nama, a rage gishiri da dunƙulen miya. Tafiya masallaci da ƙafa ma tana da lada biyu.

Mu sani kuma kitsen jini ba ya ciwo, ba ya nuna alama, gwajin jini ne kaɗai ke bayyana shi. A takardar gwaji ana son jimillarsa ta kasance ƙasa da giram 2 a kowace lita. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ko wani nasa ya yi mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya, ya tambayi likita a auna shi. Ɗiban jini kaɗan don gwaji ba ya karya azumi a wurin mafi yawan malamai. Wanda aka rubuta wa magani kada ya bari saboda azumi, ya nemi likita ya daidaita masa lokacin sha zuwa dare.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Amin.