Daga Ƙarƙashin Matashi Zuwa Kaset: Ina Littattafanmu Suka Shiga?

Uwargida, ko kina tuna lokacin da littafi guda zai zaga unguwa, daga ɗakin amarya zuwa na maƙwabciya, har bangonsa ya yage a liƙe shi da ƙullun fulawa? Duk wadda ta tashi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a shekarun 1990 ta san wannan. Daga Kano ake sarin littattafan, su biyo ta Funtuwa ko Malumfashi, mai shagon haya ya jera su. Kin biya kuɗin kwana ɗaya, amma mata biyar ne za su karanta kafin ƙaninki ya mayar.

Ba da mu son littafi ya fara ba. Iyayenmu sun yi wa Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam irin wannan ƙauna tun fitowarsa kashi uku a ƙarshen shekarun 1930. Sai dai shi ɗan makaranta ne ke karanta wa mata a tsakar gida suna saurare. Littattafan soyayya kuwa da kanmu muka riƙe su. Mata da yawa da aka cire daga firamare aka aurar, a kansu suka gyara karatun bokonsu, don su san ƙarshen labari ba tare da roƙon kowa ba.

A wancan lokaci babu sunan da ya kai na Hajiya Bilkisu Funtuwa, wato Anti Bilki, shiga ɗakunan matan wannan yanki, don ta gida ce. Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni sun koya wa mata tsafta, girki, kwalliya da iya magana da miji, har wasu na cewa sun fi gudar wata uwar ɗakin amfani. Ga Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya ta faɗa rijiya don an raba ta da Muhammad talaka. Masu karatu sun yi ta aika masa wasiƙu, iyaye kuma suka yi ca, wai 'ya'yansu za su kwaikwaya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi da mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Wace ce a cikinmu ba ta san wata Rabi ba?

Sai kaset ya shigo. An mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Ki Yarda Da Ni da Alhaki suka biyo baya kafin ƙarshen shekarun. Nan fa gardama ta kaure a gidajen biki: wannan ta ce jarumar ba ta kai kyan wadda ke cikin ranta ba, waccan ta ce an yanke wurin da ya fi sa ta kuka. Ni dai ina bayan masu littafi. Wasu marubutan kuma suka juya abin, su kalli fim ɗin Indiya su zuba shi a takarda da sunayen Hausawa, mai karatu na tsakiyar littafi sai ta gane inda aka ɗauko shi.

Abin alfahari, 'yan yankinmu ne suka ja muhawarar a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano yana sukarsu, Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, ya tsaya musu, daga baya ya kafa mujallar Fim a 1999. A 2007 aka ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Shekara biyar bayan haka, a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga Alhaki da Turanci.

To uwargida, yanzu 'yarki ba ta zuwa shagon haya. A waya take karatu, ta WhatsApp ko Wattpad, ko ta saurara a YouTube, wani lokaci har da biyan kuɗi don a saka ta a rukuni. Akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda ke ma kanki ba za ki iya karantawa a gaban mutane ba. A da, littafi sai ya bi ta hannun yaya ko gwaggo kafin ya isa ga yarinya, kuma bangonsa na ɗauke da sunan marubuci da adireshinsa. Na waya babu hannun da yake bi.

Ƙwace wayar ba zai hana ba, za ta ara a wurin ƙawa kamar yadda muka riƙa ɓoye namu a ƙarƙashin matashi. Ki tambaye ta wanne take karantawa, ki ce ta karanta miki shafi biyu kina tankaɗe. Idan ta yi in'ina ta tsallake wani wuri, kin gane. Sannan ki buɗe tsohuwar akwatinki, in gara ba ta cinye ba, ki miƙa mata labarin Rabi, ki ji wa za ta ba gaskiya.